Babi na Bakwai: Gammon Wuta a Gaban Alƙali

Da yammacin Alhamis, 12 ga Mayun 2022, na shiga shagon wani abokina mai ɗaukar hoton biki, na miƙa masa wayata ban ce komai ba. Ya karɓa, ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton, ya matso da shi kusa da ido, ya sake nesanta shi. Abin da ke kan gilashin wani zobe ne mai launin garwashi, baƙi a tsakiya, da tabo uku masu haske a jikinsa, gefensa duk ya narke cikin duhu.

"Malam, wa ya ɗauki wannan?"

Na ce masa mutum fiye da 300 ne, kuma shekara biyar suka yi suna wanke shi.

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wallahi in na kai wa amarya irin wannan, ko kuɗin mota ba zan samu ba. Hoton bai zauna ba. Ko dai hannun mai ɗauka ya yi rawa, ko wanda ake ɗauka ya motsa. Wannan ai gammo ne aka cinna wa wuta."

A ranar ne masana suka fito da hoton farko na baƙin ramin da ke cibiyar birnin taurarinmu, kuma duk duniya ana ta tafi. Abokina bai san haka ba, da idon sana'arsa ya yi hukunci. Na daɗe ina juya maganarsa, domin ta wani ɓangaren ya faɗi gaskiya fiye da yadda ya zata: wanda ake ɗauka ya motsa, kuma motsin ba na wasa ba. Inda ya kuskure shi ne sikelin da ya ɗora hoton a kai. Hoton amarya da kyau ake auna shi. Hoton madubin hangen nesa kuwa shaida ne aka kawo gaban alƙali, kuma alƙali bai damu da kyan rigar shaida ba. Abin da zai tambaya shi ne: ina kake tsaye, me ka gani da idonka, me aka gaya maka, wa zai gaskata ka?

Ranarmu ɗaya ce daga cikin taurari fiye da biliyan 100 da suka taru wuri guda kamar faifai, kuma mu ba 'yan cikin gari ba ne, a wata unguwa ta gefe muke. Harlow Shapley ne ya nuna haka a 1918, lokacin da ya lura cewa dunƙulallun tarin taurari sun fi yawa a sashe ɗaya na sama, wajen burujin da malaman hisabi ke kira Ƙaus, kusa da wutsiyar Aƙrab, wato Kunama. Can ne cibiya, nisan tafiyar haske ta shekara kusan 27,000. Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauye da damina, a daren da ruwa ya wanke sama kuma babu wata, ya ga wani farin zane kamar hayaƙi ya ratsa sama, ya fi kauri ta kudu. Larabawa na ce masa Majarra. Faifan ne muke hange daga ciki.

To, ga abin da ya kamata mai karatu ya fara riƙewa. Yawancin hotunan da ke yawo a waya da sunan "cibiyar birnin taurari", masu bishiya ko dutse a ƙasa da farin gajimare a sama, ba su kai cibiyar ba ko kusa. Tsakaninmu da ita akwai ƙura da iskar gas masu kauri. In ƙwayar haske tiriliyan guda, irin wanda ido ke gani, ta taso daga can, kimanin ɗaya ce ke isowa nan. Abin da kyamara ke kamawa taurarin da ke gabanmu ne da wani sashe na kumburin tsakiya da ya leƙo ta saman ƙurar da ƙasanta, sai baƙin layin da ya tsaga farin zanen gida biyu, wanda shi ne ƙurar kanta. Wannan ba aibi ba ne ga mai hoton, muddin bai yi da'awar abin da bai ɗauka ba. Aiki ne mai wuya, sai an bar idon kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi, an tara hotuna da yawa an haɗa. Aibin yana ga wanda zai liƙa maka cikakken wata ɓarkatai a gefen Majarra mai sheƙi. Hasken wata ɗan daren sha huɗu yana shafe farin zanen, don haka duk inda ka ga su tare suna ƙyalli, hoto biyu ne aka ɗinke.

Mu da muka san hunturu ba ma bukatar dogon bayani kan ƙura. Akwai ranar da hazo ke sauka a Kano har jirgi ya kasa sauka, mutum ba ya ganin ƙarshen layinsu, amma rediyon mai shayi na ta magana raɗau. Haka abin yake a sama. Hausawa na cewa gani ya kori ji, sai ga shi a wannan fage ji ne ya riga gani da shekaru masu yawa. A 1932 wani injiniyan kamfanin tarho a Amurka, Karl Jansky, yana neman abin da ke sa ƙara a layin gajeren zango, a wajen mita 14.6. Ya gano tsawa ta kusa da ta nesa, amma akwai wani shuuu da ya ƙi ƙarewa, wanda ke dawowa duk bayan awa 23 da minti 56. Wannan lissafin taurari ne, ba na rana ba. Ya bi sawun ƙarar, ta kai shi wajen Ƙaus. A 1974 Bruce Balick da Robert Brown suka tsinci wani ɗan ɗigo mai ƙarfin zangon rediyo a daidai cibiyar, wanda daga baya aka raɗa wa suna Sagittarius A*, da alamar tauraro a ƙarshe.

Saboda haka tambayar farko ga kowane hoton cibiya ita ce, da wane irin haske aka ɗauke shi? Zangon rediyo na ratsa ƙura. Hasken ɗumi, wanda ke gaba da ja inda ido ya gaza, shi ma yana ratsawa, kimanin kashi ɗaya cikin goma na isowa. Hasken da ake hoton ƙashi da shi a asibiti, mai ƙarfinsa, yana wucewa. Kowannensu kuma abin da yake nunawa daban: hasken ɗumi na nuna taurari da ƙura mai zafi, na hoton ƙashi na nuna gas mai zafin miliyoyin digiri, rediyo na nuna ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke gudu cikin maganaɗisu. Ba wanda ke da launi a cikinsu, domin launi abin ido ne. A 2009 an haɗa hotunan madubin Hubble da na Spitzer da na Chandra na yankin cibiya aka yi guda ɗaya mai ban sha'awa, aka ba na Hubble rawaya, na Spitzer ja, na Chandra shuɗi. Mutane ne suka zauna suka zaɓa, kamar yadda mai zana taswira ke ba kowace jiha launinta. Haka ma garwashin gammon nan. Da sun ga dama da kore suka yi shi. Launin na gaya maka inda haske ya fi ƙarfi da inda ya yi rauni, shi ke nan. Ni ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba, in dai an rubuta a ƙasan hoton abin da kowane launi ke wakilta. Hoton da ya zo ba wannan bayanin, kamar maganin da aka ɓare wa takarda ne.

Akwai kuma abin da na'ura ke ƙarawa daga jikinta. A Nuwamban 2023 madubin James Webb ya fito da hoton wani yanki mai suna Sagittarius C, nisan tafiyar haske ta shekara kamar 300 daga baƙin ramin, da taurari kimanin 500,000 cunkushe a ciki. Kowane tauraro mai ƙarfi a hoton yana da tsinkaye dogaye shida da gajeru biyu. Tauraro ba shi da tsinke. Madubin ne aka haɗa da ɓangarori 18 masu kusurwa shida, ga kuma sandunan da ke riƙe ƙaramin madubi, su ne ke karkatar da haske su bar wannan tambari. Na Hubble huɗu ne. Wanda ya saba, da tsinken kaɗai yake gane wace na'ura ta yi aikin, kamar yadda dillalin shanu ke gane garke da zanen da ke jikin sa.

Yawan ɗigon hoto, wanda masu sayar da waya suka koya mana tambaya, shi ma ba shi ne ba. A 2012 madubin VISTA da ke Chile ya ba da hoton tsakiyar birni mai ɗigo kusan biliyan 9, aka ƙirga taurari miliyan 84 a ciki. Aiki ne babba, amma ƙidayar jama'ar gari ce. Ba ta shiga fada ba.

Mu koma ga gammo, don nan ne shari'ar take da tsawo.

Zoben nan faɗinsa bai kai da'irar da Mekuri, duniyar da ta fi kusa da rana, ke zagayawa ba. A nisan shekara 27,000 na tafiyar haske, ganinsa daidai yake da ka tsaya a tsakar gidanku ka hango ƙaramin gammo mai faɗin santimita 10 an ajiye a kan wata. Ƙa'idar haske kuwa ba ta da sassauci: in kana son ganin ƙaramin abu da dogon zango, sai madubinka ya yi faɗi. A zangon milimita 1.3 da suka zaɓa, don ya fi ratsa gas ɗin da ke dagula hoton a hanya, madubin da ake bukata sai ya kai faɗin duniya. Tun da ba mai iya ƙera wannan, sai aka yi dabara. A watan Afrilun 2017, na'urori takwas a wurare shida suka haɗu suka fuskanci cibiya: biyu a hamadar Atakama ta Chile, biyu a kan dutsen Maunakea na Hawai, ɗaya a Meksiko, ɗaya a Arizona, ɗaya a tsaunukan kudancin Sifen, ɗaya kuma a can ƙuryar kudancin duniya cikin ƙanƙara. Kowace tana naɗar abin da ta ji tare da bugun agogon atam. Bayanan sun yi yawan da intanet ba ta iya ɗauka, sai a faifan ajiya aka loda su a jirgi zuwa cibiyoyi biyu, ɗaya a Haystack ta Amurka, ɗaya a Bonn ta Jamus. Na ƙuryar kudu sai da suka jira watanni sanyi ya wuce jirgi ya iya tashi. Wannan haɗakar ita ake kira Event Horizon Telescope.

Ka lura, babu inda wani ya leƙa ya ga zobe. Kowace na'ura biyu, in aka gwama abin da suka naɗa, suna ba da ɗan guntun labari game da siffar abin. Juyawar duniya cikin dare na ƙara wasu guntayen. Amma takwas ba su cika faɗin duniya ba, giɓin ya fi abin da aka samu yawa. Misalinsa takardar fili ce da gara ta ci aka kawo kotu: ga kalma nan, ga rabin lamba can, ga sa hannu a ƙasa, sauran duk huda. Dole wani ya cike, kuma ana iya cikewa ta hanya fiye da ɗaya ba tare da an saɓa wa abin da ya rage ba. Haɗarin a fili yake. Wanda ya riga ya san abin da yake so takardar ta ce, shi zai karanto. Masanan nan kuwa tun kafin su fara sun san lissafin Einstein ya ce a ga inuwa da zoben haske kewaye da ita.

Ga kuma motsin da abokina ya hango. Shekara uku kafin gammon namu ya fito, a 10 ga Afrilun 2019, wannan haɗakar ta fito da hoton baƙin ramin wani birnin taurari mai suna M87, daga bayanan Afrilun 2017 ɗin dai. Wancan ya fi namu nauyi sau fiye da dubu, don haka gas ɗin da ke kewaya shi kwanaki yake ɗauka, har makonni, kafin ya zagayo. Dattijo ne, ya zauna an ɗauke shi. Namu kuwa gas na zagaya shi cikin mintuna, alhali ɗaukar na bukatar dare guda. Kamar a ce ka bar idon kyamara a buɗe tun isha har asuba, wanda kake ɗauka kuma yaro ne ɗan shekara uku da aka ba alewa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa na kusa ya zo a baya.

Abin da ya sa nake ganin girman aikin shi ne yadda suka bi da wannan rauni. A aikin M87 sun raba kansu ƙungiya huɗu, aka hana su magana da juna na makonni, kowace ta cike giɓin da hanyarta, sannan aka buɗe a rana ɗaya, duk huɗun suka fito da zobe. Sun kuma ƙirƙiri bayanan gwaji na siffofin da ba zobe ba, faifai cikakke, ɗigo biyu, suka ba manhajojinsu don su ga ko za su ƙaƙaba rami inda babu. A aikin namu kuwa, maimakon hoto ɗaya, dubbai suka fitar, kowanne ya dace da bayanan, suka kasa su kashi huɗu. Kashi uku zobe ne, kowanne da dubban hotuna, sai dai wurin da haske ya fi ƙarfi ya bambanta. Kashi na huɗu, mai ɗaruruwan hotuna, ba zobe a cikinsa sosai. Abin da aka nuna wa duniya matsakaicin dukkansu ne, kuma sun buga kashi huɗun a ƙasansa kowa ya gani. Shaidan da ya ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, nan na tabbata, nan kuma ina kokwanto," ya fi wanda ya rantse a kan komai.

Daga nan mai karatu zai iya raba hoton da kansa. Tabo ukun nan masu haske, waɗanda ido ke fara sauka a kansu, su ne mafi raunin abin da ke ciki, domin suna canja wuri gwargwadon hanyar da aka bi. Dishi-dishin kuwa gaskiya ce tsagwaronta. A ma'aunin da suke amfani da shi faɗin zoben 52 ne, mafi ƙanƙantar abin da haɗakar ke iya bambancewa kuma tsakanin 20 ne da 25. Ke nan daga wannan gefe zuwa wancan bai wuce taku biyu da ɗoriya ba. Duk wanda ya nuna maka wannan ramin da layuka tsaf-tsaf da gas na murɗawa kamar a fim, zanen kwamfuta ne, komai kyansa. Da masanan sun goge dishin sun fito da shi fes, da sun faranta wa abokina, da kuma sun yi ƙarya.

Duk da haka ba kowa ya gamsu ba. A Oktoban 2024 Makoto Miyoshi na cibiyar nazarin taurari ta Japan da abokan aikinsa biyu suka wallafa nasu nazarin na waɗannan bayanai dai na 2017, waɗanda aka sake wa kowa. Su abin da suka samu ba zobe ba ne, wani abu ne mai tsawo daga gabas zuwa yamma, gabashinsa ya fi haske. Hujjarsu ita ce yadda giɓin ya jeru yana iya haifar da zobe na bogi mai kusan wannan faɗi, kamar yadda madubin Webb ke haifar da tsinke. Haɗakar ta tsaya a kan sakamakonta, kuma yawancin masana fannin na tare da ita. Amma ban ga laifin mai ƙorafi ba. Samun damar yin ƙorafin ma daraja ce ga aikin, domin da an kulle bayanan a durowa ba mai iya cewa uffan. A Maris na 2024 an fito da wani sabon fasalin hoton mai layuka kamar saƙar faifai, masu nuna yadda maganaɗisu ya murɗe a bakin ramin. Yana da amfani, sai dai daga bayanan 2017 ɗin aka ciro shi, don haka shaida ɗaya ne ya sake magana. M87 ya fi namu sa'a a nan: an sake ɗaukarsa a 2018 da ƙarin na'ura a Girinlan, zoben ya dawo da faɗinsa, wurin hasken ne kawai ya ɗan gusa.

To wa zai gaskata namu? Akwai wani shaida da ba ruwansa da rediyo, kuma ni a wurina shi ne babba. Tun farkon shekarun 1990 ƙungiyoyi biyu masu gasa da juna, ta Reinhard Genzel daga Jamus da madubai a Chile, da ta Andrea Ghez daga Amurka da madubin Keck a Hawai, suke ɗaukar taurarin da ke dab da cibiya da hasken ɗumi, shekara bayan shekara. In ka ga ɗaya daga hotunan ba za ka sake kallo ba, 'yan ɗigo ne fari-fari a baƙin fili. Sai an jera su bi da bi abin ke bayyana. Ɗigon na tafiya. Ɗaya daga ciki, mai suna S2, yana zagaye wani wuri da ba a ganin komai, yana kammalawa duk shekara 16. A Mayun 2018 ya matso har kusan ninki 120 na nisan da ke tsakaninmu da rana, yana gudun kilomita fiye da 7,000 a daƙiƙa, ya yi kwana ya wuce. Daga wannan zagayen, da lissafin da ɗalibin sakandare mai ƙwazo zai iya bi, aka san cewa abin da ke riƙe da shi ya kai nauyin rana miliyan 4. Wannan ya ba Genzel da Ghez rabin kyautar Nobel ta 2020, Roger Penrose ya ɗauki ɗaya rabin. Abin lura, a lafazin kyautar kwamitin bai ce sun gano baƙin rami ba, cewa ya yi wani dunƙulallen abu mai tsananin nauyi. Taka-tsantsan ke nan.

In ka san nauyi, ka san nisa, lissafin Einstein zai gaya maka faɗin inuwar da ya kamata a gani, tun kafin kowa ya ɗauki hoto. Amsar kusan 50 ce a wancan ma'auni. Haɗakar ta auno 52. Mutane daban, na'urori daban, irin haske daban, kuma lamba ta zo ɗaya. Gara ta ci takarda, amma maƙwabcin da bai taɓa ganinta ba ya zo ya nuna iyakar filin a daidai inda ragowar rubutun ya ce. Darajar gammon nan a wannan lambar take, ba a abin da ido ke gani ba.

Sai dai in aka ce in zaɓi hoto ɗaya in rataye a bango, wanda kuma zan iya kare shi a gaban masana, ba gammon zan ɗauka ba. Na Afirka ta Kudu zan ɗauka. A yankin Karoo akwai na'urar rediyo mai suna MeerKAT, faranti 64 a fili guda, wadda aka ƙaddamar a Yulin 2018. Cibiya na bi ta kusan saman kansu, ga shi farantan suna da yawa, don haka giɓin da za a cike kaɗan ne. A Janairun 2022 Ian Heywood da abokan aikinsa suka fito da hoton da aka haɗa daga kallo 20, awa 200 a jimlace, na fili mai girman wata cikakke sau 30. Na daɗe ina kallonsa a babban allo. Ga kumfa-kumfa zagayayyu, ragowar taurarin da suka fashe. Ga wani mai jan wutsiya da suke kira Ɓera. Ga cibiyar kanta tana ci kamar maƙera. Abin da ya fi ɗaure kai kuma shi ne zare-zare sirara, kusan dubu, wasu tsawonsu tafiyar haske ta shekara 150, wasu a jere daidai wa daida kamar tsirkiyar garaya. Farhad Yusef-Zadeh ya fara ganin irinsu tun 1984, amma 'yan kaɗan. An san ƙwayoyin lantarki ne ke gudu a kan layin maganaɗisu, abin da ya shimfiɗa su haka kuwa har yanzu ana muhawara. Gammo ya tabbatar da abin da ake zato. Wannan ya kawo abin da ba a nema ba, ya ninka shi sau goma, ya ajiye a gaban masana. A sikelina wannan ma nauyi ne, kuma ba ƙarami ba.

Akwai wani abu da taswirar na'urori takwas ɗin nan ke nunawa in ka dube ta da kyau. Daga Sifen zuwa ƙuryar kudu, duk faɗin Afirka, ba faranti ko ɗaya. Yana daga cikin manyan hudojin takardar. Jami'ar Namibiya da jami'ar Radboud ta Holan suna aikin kafa farantin da zai ji zangon milimita a yankin dutsen Gamsberg, inda sama ke bushe kuma cibiya ke wucewa a tsaye. Burin masanan shi ne su daina tilasta wa yaron nan zama, su ɗauke shi a majigi yana motsinsa. Wannan sai da ƙarin faranti, kuma a nan ne gardamar Miyoshi za ta mutu ko ta rayu.

Kafin nan ga hukuncina a kan gammon. Faɗinsa na karɓa, domin ya zo da mai gaskata shi. Duhun tsakiyarsa na karɓa, amma na bar ƙofa a buɗe har a sake ɗauka. Tabo ukun ban karɓa ba, masu hoton ma ba su nemi a karɓa ba. Launin kuwa ado ne.

Na koma shagon abokina bayan wasu kwanaki na yi masa wannan bayani daidai gwargwado, yana saurare yana goge gilashin kyamararsa da gefen riga. Da na zo kan S2 sai ya ajiye ta.

"Tsaya, Malam. Shekara talatin suna ɗaukar wuri ɗaya?"

Na ce ƙwarai, kuma har yau ba su daina ba. Tauraron zai sake matsowa bakin ramin a 2034.

Mai karatu da ke son ganin inda ake magana, ya nemi daren da babu wata a ƙarshen Agusta, bayan an ɗauke ruwa, nesa da fitilun gari. Bayan sallar isha ya fuskanci kudu, ya nemo jan tauraron da ke ƙirjin Kunama, ya bi jikinta har ƙarshen wutsiya. Sama da ƙarshen wutsiyar kaɗan, ta hagu, farin zanen ya fi kauri. A gefen wannan farin ta dama, inda baƙin layin ya ratsa, nan cibiyar take, kimanin rabin hanya tsakanin ƙasa da tsakiyar sama ga wanda ke Kano ko Zariya ko Damagaram.